Zuwa Ga Shamsu, Wanda Ya Fafe Littattafansa Don Bindiga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Shamsu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk ƙasar da kake. Ni ne Lawal, wanda kuka yi shekara biyar kuna kwana ɗaki ɗaya a unguwar Arba wa Nus ta birnin Alƙahira. Ba ni da adireshinka, ba ni da wata lamba taka da ke shiga, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Ban ambaci sunan mahaifinka ko garinku ba. Wanda ya sani ya riga ya sani.

Zan ɗauko maganar daga tushe, saboda waɗanda ba su san mu ba, kuma saboda ina zargin kai ma ka fara mantawa.

Ka tuna kwanakin nan na farkon 2011, da 'yan sanda suka ɓace daga titi, kowace unguwa ta koma gadin kanta da sanduna. Wata rana bayan azahar mai gidanmu, Ammu Sabri, ya hawo har bene na huɗu yana haki, da wani abu naɗe a hankici. Ya ji labarin kai ne mai gyara wa ɗalibai agogo da waya. Da ya warware, sai ga wata 'yar ƙaramar bindiga wadda ba ta kai tafin hannu ba, duk ta yi tsatsa. Tabanja suke ce mata a nan. Ya ce ta mahaifinsa ce, ko za ta gyaru?

Ka shimfiɗa jarida a kan tabarmar da muke cin abinci. Kwana biyu kana kanta da man keken ɗinki da tsohon burushin haƙori. Da ka gama ka ɗaga ta wajen taga, ka ce, "Lawal, dubi aiki. Ta girmi iyayenmu, amma ko ƙusa ɗaya ba ta saki ba." Ka miƙo mini na riƙe. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin nauyinta da sanyinta a hannuna. Har yau in na tuna wannan daɗin sai in ji ina son wanke hannu.

Da gari ya ɗan lafa, Ammu Sabri ya ce ka riƙe ta, shi tsoronta yake ji. Daga nan ka shiga nema. Akwai gidaje da yawa da suka gaji irin waɗannan daga kakanni, suna neman yadda za su rabu da su. Ka san hanyar bayan shagunan tsofaffin kaya na Wustul Balad, can tsakiyar birni, fiye da hanyar aji. Kafin shekara biyu ka tara bakwai. Akwai ta Jamus, akwai ta Italiya, akwai wata ƙirar nan Masar da kake ɗan rainawa, sai kuma 'yar Beljiyam mai mariƙin ƙashi da ya yi ruwan ɗorawa, wadda kake cewa an yi ta ne don jakar hannun mata. Ita ce 'yar gaban goshinka. Shekarar ƙira da garin da aka ƙera kowacce suna bakinka, a daidai lokacin da kake faɗuwa jarrabawar hadisi karo na biyu.

In na yi magana sai ka ce, "Ni ba ɗan bindiga ba ne, tarihi nake adanawa. Wani tsofaffin agogo yake tarawa, wani tsofaffin kan sarki." Na taɓa ce maka ban taɓa jin kan sarki ya huda mutum ba. Ka yi dariya ka ci gaba da goge-gogenka.

Ɗakinmu ya koma warin mai. Yana jikin bargo, yana jikin jallabiyar Juma'a, har a burodin safe ina jin sa.

Sai ranar littattafai. Ka tuna manyan juzu'an sharhin hadisin nan masu ruwan zinare a gefe, da muka ɗauko a ka daga kasuwar littattafai har bakin mota, muna hutawa a hanya? Na zo ɗaukar ɗaya don bitar jarrabawa, na ji nauyinsa ya canza. Na buɗe. Ka sa reza ka fafe cikinsa, shafi bayan shafi, daidai siffar bindiga, ka kwantar da ita a ciki kamar jariri. Na buɗe na biyu, na buɗe na uku, duk haka. Abin da ka yanke kuwa yana cushe a leda a ƙarƙashin gado, tare da tsofaffin silifas, da sunan Allah da na Manzonsa a jiki.

Na tattara takardun na hau rufin gida na ƙone su, na binne tokar a tukunyar shuka. Da na sauko ka kalle ni ka ce, "Ma'alish, ba komai, ai duk akwai su a kwamfuta." Tun daga ranar na daina sa hannu a kwano ɗaya da kai. Ka lura, amma ba ka tambaya ba.

Duk da haka, ni na je nema maka aure. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora maka ba. Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan da ke sayar da kisra, wainar nan tasu mai faɗi, da miya a ƙarshen layinmu, wadda duk azumi sai ta aiko mana da buɗa-baki ba tare da mun roƙa ba. Na zauna a gabanta na ce ina nema wa ɗan'uwana 'yarta Nafisa. Ta ce, "Kai ka zauna da shi, Lawal. Yaya halinsa?" Na ce ba shi da abokin faɗa, hannunsa akwai albarka. Duk gaskiya ne. Amma ban ce komai a kan littattafan ba. Na ɗauka aure zai raba ka da su. Na kwashe kayana na koma Giza, na bar maka ɗakin da kantar littattafan yadda take.

Ranar sunan 'yarka, bayan la'asar. An sa mata sunan mahaifiyarka, ana ce mata Ummi. Maza muna falo, mata suna ɗakin ciki, tsakaninmu da su wani siririn falanki da Ammu Sabri ya raba gidan da shi. Ana cin nama ana hira, sai wani baƙo ya ce ya ji kana da abubuwan mamaki. Ni kuma, don in zolaye ka a gaban mutane, na ce, "To nuna musu 'yar Beljiyam ɗin mana." Bakina ne ya faɗi wannan. Ina ɗauke da shi.

Ka tashi da murnarka, ka zaro juzu'in, ka fito da ita. Ka cire gidan harsashin ka ɗaga mana shi sama, ka ce, "Tamam, ba komai a ciki." Ashe akwai ɗaya da ya riga ya hau maƙogwaronta. Kai da ka san kowace ƙusa a jikinta, ba ka duba ba. Kana bayanin laushin kunamarta ka danna.

Ƙarar ba ta kai yadda nake zato ba, kamar an buga ƙofa da ƙarfi. Muka tsaya muna kallon wani ɗan rami a jikin falankin. Sai muka ji Nafisa tana kiran mahaifiyarta, sau ɗaya, sau biyu, na ukun da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Hajja tana zaune ne a jikin falankin. Ba ta fi minti biyu da miƙa jaririyar ga wata maƙwabciya ba. Harsashin ya same ta a ƙugu.

Na juyo in ce maka ka ruga ka nemo mota. Shamsu, abin da na gani shi ya sa nake wannan rubutu. Kana durƙushe kana laluben kwanson harsashin a ƙarƙashin kujera. Ka same shi ka jefa a aljihu. Ka shiga kicin ka fito, sannan ka tsaya gaban kanta kana zaro juzu'an nan ɗaya bayan ɗaya kana jera su a jaka, a hankali, don kada su gogu. Surukarka tana zubar da jini taku biyar daga inda kake.

Mu huɗu muka sauko da ita a bargo, bene huɗu. Ba ka cikinmu.

A asibiti likita ya tambaye ta abin da ya faru. Leɓenta ya yi fari, amma ta ce daga titi ne, ta taga ya shigo, ba ta san wanda ya harba ba. A wancan lokacin ba wanda zai yi mamakin irin wannan. Ta juyo ta kalle ni har sai da na sunkuyar da kai. Da muka keɓe ta ce, "Uban jikata ne, Lawal. In aka kama shi wa zai riƙe su?"

Ta yi ƙarya a gadon asibiti, tana ganin mutuwa, don ka zauna ka riƙe iyalinka. Kwana takwas bayan nan ka bar Alƙahira. Ba ka je ka gaishe ta ba ko sau ɗaya. Ka bar jallabiyoyinka, ka bar takardun makaranta, ka bar Nafisa da jaririyar da ko arba'in ba ta yi ba. Jakar ce kawai ba ka bari ba.

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka. Hajja tana raye. Ƙashin bai haɗu daidai ba, ba ta sake takawa da ƙafarta ba. An sa mata gado kusa da ƙofa, daga nan take gaya wa Nafisa yadda za ta dama ƙullun kisra, tana faɗa in ya yi kauri. Nafisa ta jira ka shekara guda, sannan malaman unguwa suka zauna suka raba auren. Ummi ta shekara biyu. Hannunka ta ɗauko. Duk abin da ta samu sai ta kwance shi, rannan murfin rediyon kakarta ta cire da cokali. Nafisa ta fizge cokalin da ƙarfin da ya sa yarinyar kuka, sannan ita ma ta zauna ta yi nata.

Watan jiya wani Alhaji ɗan Nijar da ke zuwa sarin jallabiya ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce yana da saƙo daga wurinka. Murna ta kama ni. Na ce yau Shamsu ya tuna da mutane. Alhajin ya ja ni gefe ya karanto mini daga wayarsa. Wai ɗaya ta rage, 'yar Beljiyam, ka tura ta bayan tukunyar gas a kicin. Wai in nemo ta, in shafa mata mai, in ba shi ya kai maka, don saura shida, jerin bai cika ba.

Na ce ya sake karantawa, ko akwai abin da ya tsallake. Ya sake. Babu Hajja, babu Nafisa, babu Ummi. Bawan Allah bai ma san abin da ya ɗauko ba, ya zaci wata na'ura ce. Na kwafi lambar da saƙon ya fito, na kira, ba ta shiga ba.

Ga amsarka. Nafisa ta tsinci abin tun lokacin da take kwashe kaya za ta koma wurin mahaifiyarta. Ta kawo mini ita a cikin tukunya da murfi, don ta ce ba za ta taɓa ta da hannu ba. A makon ne Ammu Sabri yake ƙara bene a saman gidan. Na hau da rana, ma'aikata sun sauka cin abinci, na sake ta cikin ramin ginshiƙi tsakanin rodi. Na tsaya har suka dawo suka zuba kankare. Tana can cikin ginshiƙin bene na biyar, wasu 'yan Darfur suna zaune a ɗakin da 'ya'yansu. Khalas. Jerinka ba zai cika ba.

Na yi ƙoƙarin in tsane ka, Shamsu, abin ya ƙi zama. Sanyinmu na farko a garin nan yake hana ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma, ka ba ni bargonka da rigar sanyinka, kai kana yawo da jallabiya biyu a jiki kana rawar ɗari. Kana dama mini kunu da garin geron da mahaifiyarka ta ƙullo maka, wanda kake ta tattali. Da tabarauna ya karye ka ɗaure shi da zaren wayar caja, ka yi shi da kyau har mutane suna tambayar inda na saya. Wannan hannun nake nema. Ban san a wace rana ya fi son ƙarfe a kan mutum ba, kuma ina ɗakin abin ya faru a gabana.

Ban ce ka dawo ba. Ban ma san ko dawowar za ta yi wa wani amfani ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka kira Hajja. Duk ranar da na je gaishe ta, kafin in tashi sai ta rage murya don kada Nafisa ta ji, ta ce, "Ba labarin ɗan nan?" Sau biyu Nafisa tana son canza mata layin waya saboda ya cika matsala. Ita ta hana. Ta ce wannan lambar ka sani.

Allah Ya ba Hajja lafiya, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara gare ta. Allah Ya ba Nafisa wanda zai riƙe ta da daraja, Ya raya Ummi bisa alheri. Allah Ya yafe mini shirun da na yi a inda ya kamata in yi magana, da maganar da na yi a inda ya kamata in yi shiru. Kai kuma, ɗan'uwana, Allah Ya tsare mutanen da kake zaune cikinsu daga shidan da ke hannunka, Ya cire maka son su, Ya dawo maka da zuciyarka tun Hajja tana da rai.

Wassalam.

Naka,
Lawal
Giza, 2015