Katin da Na Ɓoye wa Matata Asalinsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, ban saba fitar da maganar gidana ba, amma wannan ta fi ƙarfina.

Na zo Landan karatun haɗa magunguna lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a gida, gwamnati na ta tura mu waje. Bayan shekara ɗaya na ɗauko matata, muka kama ɗaki a saman gidan wata tsohuwa 'yar Ireland a Peckham. Ba Peckham ɗin yanzu ba da za ka fita ka sayo daddawa, lokacin ba mu san kowa namu a unguwar ba. In na fita da safe sai yamma, ita tana zaune gaban hita, ba Turanci, ba abokiyar hira. Ta rame, ta daina magana, ran nan na dawo na tarar ta haɗa akwati, wai in yi mata booking ta koma Zariya.

Tsohuwar nan ce ta tare ni a matakala ta ce, "Matarka wuni take tana kuka, ina jin ta. Jibi sha huɗu ga Fabrairu, ka saya mata kati." Na ce ranar mece ce? Ta zaunar da ni a kicin ta ba ni labari. Wai wani limamin coci ne a tsohuwar daular Rum, sunansa Valentine, sarkin lokacin ya hana sojoji aure don kada hankalinsu ya koma gida, shi kuma yana ɗaura musu a ɓoye. Aka kama shi aka kashe, cocinsu suka ɗauke shi waliyyi, suka ware masa ranar. Ta ce wasu ma na cewa kafin a kashe shi ya rubuta wa 'yar mai gadin kurkukun takarda, shi ne asalin katin.

To kun ga na san komai tun ranar. Amma na je na saya, na rubuta mata da ajami don ba ta iya boko ba. Matata 'yar malamai ce, abu na farko da ta tambaya shi ne, "Malam, ba bikin addininsu ba ne?" Na ce a'a, rana ce kawai da Turawa suka ware miji ya gode wa matarsa. Ta karanta har sau uku, washegari ta kwance akwatin. Tun daga nan ban taɓa fashi ba. Ko da aka zo ana wa'azi a kan ranar, na ji da kunnena tana ce wa ƙawarta, "Namu daban ne, Malam ya gaya mini, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba." Na bar ta a haka.

Yau shekara huɗu Hajiya, matar tawa, na fama da ciwon mantuwa. Ba ta gane jikokinta, wani lokacin a tunaninta har yanzu muna gidan tsohuwar. Watan jiya council, wato ƙaramar hukumarmu, suka kawo mata gadon marasa lafiya, babban ɗanmu yana gyara ɗaki ya ci karo da kwalin katunan. Ya zo cikin ladabi yana karanto mini tarihin ranar daga wayarsa, wai don in sani. Na kasa ƙara wata ƙaryar, na ce na sani tun kafin a haife shi. Nan ransa ya ɓaci, ya ce ashe shekara hamsin ina sa mahaifiyarsa abin da da ta sani ba za ta yi ba, kuma in na sake zai ɗauke ta ya kai ta gidansa Dagenham. Ƙanwarsa ta tsaya mini da Turancinta, yanzu su biyun ba sa magana.

Abin da ke damuna, ban ga inda ɗan nawa ya yi ƙarya ba. Na zaunar da Hajiya na gaya mata gaskiya daga farko har ƙarshe, na ce ta yafe mini. Ta saurara tana murmushi, da na gama sai ta ce in rufe taga, yara za su yi mura. Wadda zan nemi yafiyarta tana gabana, amma ba ta nan.

Kuma a cikin duk abin da ya goge mata wannan bai goge ba. Tun da watan ya kama, kullum bayan karin kumallo sai ta ce, "Malam, bana ba ka manta ba ko?" Saura kwana shida.

Jama'a in hana ta, ta zauna tana jiran abin da ba zan iya yi mata bayaninsa ba? Ko in ba ta, in ci gaba da ƙaryar, a raba ni da ita a ƙarshen rayuwarmu? Masu ilimi a cikinku, ta yaya mutum ke neman gafarar wanda ya daina fahimta? Don Allah kar ku zage ni, ku gaya mini abin da zan yi.