Waƙoƙin Golmo da Katin da Bai Iso Ba

Litinin, 3 ga Maris

Laftof ɗina ta mutu yau da hantsi. Ina tsakiyar yanka hirar Kawu Haggai, daidai inda yake rera waƙar shiga gona, sai allon ya yi baƙi. Na taɓa ƙasanta, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Shekara tara tana hannuna, tun ina gyara labarai a gidan jarida a Kaduna. Ba na jin haushinta.

Aikin ya tsira, yana kan memorin kyamara guda shida. Awa arba'in da ɗaya na tsofaffi goma sha biyu suna ba da labarin golmo, noman da saurayi a ƙasarmu kan yi wa iyayen yarinyar da yake so, shekara da shekaru, kafin a ba shi ita. Uku a cikinsu sun rasu tun da na fara ɗauka. Kawu ya fi kowa riƙe waƙoƙin, kuma na yi masa alkawari zai ga kansa a allo kafin ruwan farko.

Ba zan sake sayen laftof ba. Kwamfutar tebur zan harhaɗa, da hannuna.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya Michael ya kira daga Abuja. Wai zai aiko min da wata laftof da ya daina amfani da ita. Na gode masa, na ce a'a.

"Saloma, ke da aikinki waƙafi da aya, me ya haɗa ki da sukundireba?"

Na ce masa laftof in abu ɗaya ya lalace a cikinta duka ta tafi, ta tebur kuwa sai a cire mai ciwon a sa wani. Kuma ta fi samun iska, shi ma ya san yadda Zuru take a watan Maris. Ya ce taurin kai ne. Na ce na ji, a gaida yara.

Juma'a, 7 ga Maris

Kwana uku ina karatu. Dokar da aka koya mana a ɗakin labarai na bi: ba na yarda da magana sai majiya biyu da ba su san juna ba sun faɗe ta.

Ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, giga talatin da biyu, sanda biyu, domin bidiyo cinsa yake yi. Ma'ajiya mai sauri da za a yi aiki a kanta, da wata babba mai tafiyar hawainiya da za ta riƙe kwafin komai. Akwatin wuta mai kyau, wannan ba wasa, wutar garin nan takan zo da fushi. Kwanson da gabansa raga ne, ba gilashi ba. Ban damu da fitilu masu launi ba, ba gidan rawa zan buɗe ba.

Sai furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Iri biyu ne masu ƙarfi ɗaya: ɗaya na iya fitar da hoto a allo da kansa, ɗayan sai an haɗa shi da katin hoto. Duk wanda na karanta ya ce in za ka sayi babban kati, ɗauki na biyun, ya fi sauƙi, kada ka biya abin da ba za ka yi amfani da shi ba. Majiya huɗu, ba biyu ba.

Asabar, 8 ga Maris

Shagon Ekene mai kayan kwamfuta, bayan tasha. A Zuru aka haife shi, babansa ya sayar da rediyo a wannan shagon kafin shi. Ya karɓi takardata, ya bi ta da yatsa layi-layi, yana gyaɗa kai, har ya zo kan furosesa.

"Anti 'yar jarida, wannan makaho ne fa."

Na ce na sani, babban kati zan sa masa.

"Ina katin?"

Na ce daga Legas zai zo, tunda shi ba shi da irinsa.

Ya yi dariya. Ya ce, "Waɗannan mutanen da kike karantawa, a ina suke zaune? In katinsu ya ƙone yau, gobe da safe wani na bakin ƙofa. Nan Zuru ne. Ɗauki mai ido, ko katin ya makara kina da abin kallo."

Na tambaye shi ko mai idon ne ya yi masa kwantai. Bai ji daɗi ba. Ya ce shi dai ya faɗa. Ya naɗe min makahon.

Ƙila na yi masa kaifi. Amma na gaji da mazan da ke duban takardata kamar wani ne ya rubuta min.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan sujada na hau babur zuwa Rikoto, unguwar su Kawu. Ƙafafun Kawu sun kumbura, takalminsa ba ya shiga. Ya tambayi fim. Na ce mako biyu.

"Ɗiyata, mako biyun 'yan boko ko na manoma?"

Matarsa, Mama Rachel, ta raka ni bakin hanya.

Talata, 11 ga Maris

Na yi odar katin. Mai shagon a Legas ya ce kwana biyar.

Asabar, 15 ga Maris

Na harhaɗa ta. Na fara da ƙarfe bakwai na safe kafin zafi ya taso, a kan teburin falo, na gama kusan sha ɗaya. Kafin in taɓa kowane abu sai na dafa ƙarfen taga, kada lantarkin jikina ya ƙona kayan. Furosesa ya zauna ba gardama. Sandar ram ta biyu ta ƙi shiga, sai da na danna fiye da yadda raina ya so kafin na ji ƙas. Na yanke yatsa a gefen kwanso. Noti ɗaya ya faɗa ƙarƙashin babban farantin da ake dasa kayan a kai, na kwance duka na ciro shi.

Na danna maɓalli. Fankoki uku suka juya, shiru, lafiya lau.

Allon bai nuna komai ba. Na san ba zai nuna ba. Duk da haka na zauna ina kallonsa.

Na aika wa Yaya Michael hoto. Ya amsa da babban yatsa ɗaya.

Talata, 18 ga Maris

Legas: "An ɗora a mota."

Alhamis, 20 ga Maris

Legas: motar tana Kontagora. Na kira wani direba da na sani a tashar can, ya zagaya, babu kwali da sunana. Na sake kiran mai shagon, na yi masa tambayoyin da nakan yi wa kakakin ma'aikata: wace mota, wane direba, ƙarfe nawa ta tashi. A tambaya ta uku ya yarda ba a aiko ba. Wanda ya ajiye min an sayar, wani na zuwa.

Ban ɗaga murya ba. Na rubuta abin da ya ce da lokacin da ya faɗa. Ban san wa zan nuna wa ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na bi ta bayan kasuwa don kada in wuce gaban shagon Ekene. Hanyar ta fi tsawo, kuma rana ta yi.

Har yanzu ina ganin zaɓina daidai ne a kan takarda.

Litinin, 24 ga Maris

An kai Kawu asibiti jiya, numfashi. Sun riƙe shi kwana ɗaya, sun sallame shi da magunguna. Na same shi a jingine da matasai uku, ba ya iya kwanciya sosai. Na fara yi masa bayanin katin, sai na ji yadda maganar take a cikin ɗakin nan, na bar ta.

A tsakar gida Mama Rachel ta riƙe min hannu. Ta ce, "Ni ban san kayan nan naku ba. Amma ko yaya yake, ki kawo. Ba ado yake jira ba."

Na ce ban taɓa sakin shafi da kuskure a ciki ba. Ta saki hannuna, ta koma wurinsa.

Talata, 25 ga Maris

Na je wurin Ekene.

Na shirya jimla tun daga gida, bai bari na ƙarasa ta ba. Ya ce ya ji an kai Kawu asibiti, yaya jikin. Sai ya durƙusa ƙarƙashin kanta, ya jawo wani kwali, ya ciro ƙaramin katin hoto, tsoho, ƙura ta toshe fankarsa. Daga kwamfutar wani shagon buga takardu da ya rufe ya ciro shi.

"Ba zai yi gudu ba, amma yana gani."

Na ce ba na son tsohon kaya a cikin sabuwar kwamfuta. Ya ce to, ya fara mayar da shi kwali. Na ce ya kawo.

Ya hure ƙurar, ya goge haƙoran katin da tsumma, ya ce aro ne, ba na sayarwa ba. Na ce na mako ɗaya. Ya ce, "Mako ɗayan Legas?" Ban yi dariya ba, sai da na fita.

Ƙarfe biyu da kwata allon ya kawo haske.

Alhamis, 27 ga Maris

Katin na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. In na ja hoton gaba, sai ya tsaya ya yi tunani. Na sa kwamfutar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, da su nake yanka, hakan ya taimaka. Ram ɗin da ma'ajiyar kuwa ba su ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Wannan dai a rubuta: a nan ni ce da gaskiya.

Abin da ban zata ba, inbata mai ajiye min wuta ta riƙe kwamfutar tun safe har la'asar ba tare da ta yi kuka ba. Na lissafa wutar da babban katin zai sha. Na rufe littafin.

Asabar, 29 ga Maris

Minti ashirin da uku, Kawu kaɗai. Da yarenmu C'lela yake magana, fassarar Hausa da nake sawa a ƙasan hoton kuwa ta tsaya a minti na tara, sauran babu. Akwai wurin da babur ya wuce ya cinye baiti guda. Akwai wurin da hasken ya canza a tsakiyar magana. Sunansa a farko ya ɗan karkace zuwa hagu, na gani, kuma ina ganinsa ko na rufe ido.

Da a Kaduna ne wani ya kawo min wannan, da na mayar masa da shi da jan biro.

Na zuba a filas.

Lahadi, 30 ga Maris

Maƙwabcinsu ya ba da aron talabijin, aka tada ƙaramin janareta a bayan ɗaki. Na zaci mutum huɗu ko biyar ne za su zo. Kafin a kunna, ɗakin ya cika, wasu na leƙe ta taga.

Da fuskarsa ta fito, Kawu ya ce, "Wane ne wannan tsohon?" Aka yi dariya. Da aka zo waƙar shiga gona ya bi ta, layi biyu, numfashin ya ƙare, ya ci gaba da leɓe kawai, yana buga gwiwa da yatsu. Baitin da babur ya cinye, wasu tsofaffin mata biyu a bakin ƙofa suka cike shi, ba wanda ya ce su yi. Ba wanda ya kalli sunan da ya karkace.

Sai wurin da yake cewa a allo ya yi wa mahaifin Mama Rachel noma shekara bakwai cur.

"Biyar da rabi," in ji Mama Rachel. "Gudu ya yi ya shiga soja. Ƙannensa ne suka ƙarasa masa."

"Ba gudu na yi ba, ɗauka ta aka yi!"

"Kai ka kai kanka, Haggai. Da ƙafarka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, aka ba shi ruwa. Ni kuwa na riga na ciro biro, majiya ta biyu ta ƙaryata ta farko a gaban shaidu. Ya hango ni.

"Ajiye biron nan, ɗiyata. Bar ni da bakwai ɗina."

Ya ce a sake kunnawa daga farko. Sau uku aka kalla, har man janareta ya ƙare.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jikin Kawu na nan yadda yake. Ya aiko a tambaye ni yaushe za a kawo na abokinsa Abel, wai yana so ya ji ƙaryar da shi ma ya yi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Katin Legas ya iso jiya. Babba ne, mai fanka uku, yadda aka kwatanta shi. Yana cikin kwalinsa a kan kabad. Sa shi na nufin in kashe kwamfuta, in buɗe ta, in sake saita komai, rabin yini ke nan, kuma na Baba Abel ya kai minti goma sha ɗaya. Zan sa shi. Ba yau ba.

Ina buƙatar lasifika masu kyau don gyaran sauti. Ban karanta komai a kansu ba tukuna. Na tsaya na tambayi Ekene, don dai shagonsa a kan hanya yake.

Gobe bayan sujada zan ɗauki hirar Mama Rachel, ta ce tana da nata. Na Kawu kuma na sake buɗe shi da safe, na daidaita sunan, na ƙarasa fassarar har ƙarshe. Da na zo kan shekarun na ɗan jima.

Bakwai na rubuta.