Ciyawar da Marlene Ta Bar Mini

Allegan, Michigan
Farkon Mayu

Masoyiyata Marlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Becky da jikan da ban gani ba tukuna. Ni ma lafiya, in ban da gwiwoyina.

Da za ki tafi kin ce aikin ba wuya: in tara 'yan sa kai ranar Asabar, mu shiga dajin bayan coci, mu tuge ciyawar nan mai warin tafarnuwa kafin ta zuba iri. Marlene, kin cuce ni! Gordon Dykstra da injin yankan ciyawa ya zo. Na ce, "Gordon, da saiwa ake cire ta." Ya ce, "Kai da matarka ba ku son ci gaba." Phyllis kuwa ba tugewa take yi ba, zaɓen ganye take, wai miya za ta yi mana. Ta yi, na ci, har yau ban yafe mata ba.

Jami'in gandun daji ya ce in ba mu gama da wuri ba feshi zai yi, kuma maganin ba zai bar furannin dajin da kika yi shekaru kina karewa ba.

Mijinki,
Wendell

Tsakiyar Mayu

Marlene tawa,

Ya jikin Becky? Ki sumbatar mini yaron.

Na gano inda masifar take fitowa. Bayan shinge, filin dattijo Arlo Brinks ya yi fari fat da furanninta. Mu tuge a nan, barewa da ruwan sama su kwaso mana iri daga can. Na je na roƙe shi ya bar mu mu shiga. Ya tare ƙofa ya ce, "Wanda zai taɓa su sai dai ya fara kashe ni." Wai shekarar da matarsa Jeanette ta rasu suka tsiro kewaye da bencin da take zama, saboda haka ita ta aiko masa su.

To, me zan ce wa mutumin? Phyllis ta ce mu haura shingen ranar da ya shiga gari. Gordon ya ce injinsa na nan. Saura ƙiris in jefa su biyun cikin buhun shara in ɗaure bakin. Don Allah yaushe za ki dawo?

Naki a gajiye,
Wendell

Ƙarshen Mayu

Masoyiyata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Hoton yaron ya iso, kuma hancin nawa ne, ko me kuka ce.

Na koma wurin Arlo ni kaɗai, da niyyar faɗa. Na tarar da shi a kan bencin, sai na fasa. Na zauna kawai. Can na tambaye shi abin da Jeanette take kallo in ta zauna nan. Ya ce fararen furannin nan masu ganye uku, har magana take yi musu. Ya duba hagu, ya duba dama, babu ko ɗaya. Ya ce, "Ina suka tafi?" Na nuna masa ciyawar da ta shaƙe su. Ya miƙe daga kan bencin. Sannan ya durƙusa ya tuge ta farko da hannunsa.

Yanzu kuma ya zame mini ciwon kai. Shi ke riga kowa zuwa, yana bin bayana yana cewa, "Wendell, ka bar saiwa, makaho ne kai?" An dai fasa feshin.

Sai dai gefen bencin ya zama ƙasa tsirara, na kasa kallonsa a haka. Kin san masu ganye ukun da kika shuka bayan kicin? Na tone su, suna gefen bencin Arlo, dukansu. Idan kin dawo ki shigo ta ƙofar gaba, ki ci abinci, ki huta tukuna.

Mijinki mai jiran hukunci,
Wendell