Hoton Ƙirjin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Ba tarin fuka ba ne. Likita ta ce sakoidosis, wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a huhu. Ba ya yaɗuwa, ba a san takamaiman abin da ke kawo shi ba. Na ce mata ni malamin motsa jiki ne, ban taɓa sa sigari a bakina ba. Ta ce, "Malam, wannan bai tambayi sigari ba. An fi ganinsa a baƙar fata, kuma yakan bi dangi." Ta ce in kawo ɗan'uwana a duba shi.

Wato Auta. Auta da ke zuƙar sigari kamar salansar tsohuwar mota.

Alhamis, 6 ga Maris

Na busa usur, tari ya sarƙe ni a gaban 'yan aji uku. Na ce musu ruwa ne ya bi ta wata hanya.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kasa kiransa. Da wane baki? Ni da na kore shi daga falona a gaban yarana, na ce huhunsa ya zama gawayi, ni zan ɗauki gawarsa. Maman yara ce ta kira shi a bayan idona. Ban yi mata magana ba har dare.

Talata, 11 ga Maris

Ya zo da kayan garejinsa, duk baƙin mai. Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da na samu abin kamawa. An ɗauki hoton ƙirjinsa.

Juma'a, 21 ga Maris

Tas. Huhun Auta tas, sai faɗan sigari da likita ta yi masa.

Zan rubuta tunda ba mai karantawa: da ta ɗaga hoton, raina ya ɓaci. Na so a ga wani abu, ko ɗan ɗigo ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kuwa ya tsaya yana kallon hoton nawa, ya ce, "Likita, ba a cire na wani a sa wa wani? Ga nawa nan, ni dai ɓata shi nake yi."

Da gaske yake. Na rasa inda zan sa fuskata.

Asabar, 22 ga Maris

Ban fita ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Maganin da likita ta ba ni ya kumbura min fuska, yara sun ce na yi kumatu. Lif ɗin asibiti ya lalace, ga hawa uku. A na biyu numfashi ya ƙare min. Auta ya ce, "Yaya, tsaya, ni na gaji," ya zauna a kan matakala yana haki na ƙarya. Ko iya yi bai yi ba. Na zauna kusa da shi.

Na ce ya zo ya ɗauke ni mako mai zuwa ma. Saboda motarsa ce kawai, tasi ta yi tsada.