Tsinken Tsintsiyar Baba Elias

Samaru, Zariya.

Maigidana Mordecai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyin Jos, ya karatu? Mu nan lafiya lau, 'yarka Lovelyn ta ce in gaya maka haƙorinta ya fita.

Akwai maganar da na ɓoye maka kwana huɗu. Ka tuna kaset-kaset ɗin waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda marigayiya Mamanka take ja gaba, da na kwafe zuwa akwatin ajiyar bayanan kwamfuta na cocinmu a Sabon Gari? Ni na matsa maka ka zubar da su, na ce gara ta ci rabi, akwatin ya fi aminci. To, ranar Alhamis babbar kwamfutar ofishin cocin da nake kula da ita, wadda muke kira saba, ta ce ba ta san akwatin ba. Fitilarsa a kunne, waya a jone, amma babu hanyar shiga. Ga shi babu muryar Mama ko'ina sai a nan.

Na cire haɗin na sake haɗawa, na canja waya, na kashe sabar na kunna. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Ranar Juma'a na tarar da Baba Elias, sakataren coci, a durƙushe da tsinken tsintsiya, zai soka a ɗan ramin da ke bayan akwatin, wai haka yake yi wa na'urar intanet ta gidansa ta dawo hayyacinta. Ban san lokacin da na cafke hannun dattijo ba. Da ya danna ya daɗe, da komai ya goge.

Ya ji haushi, ya kama mita, har ya ce shi ma kwamfutar ta ishe shi, wasiƙar da ya buga ta fito da kwanan watan shekara goma baya. Nan na gane. Ɗan batirin da ke riƙe agogon sabar ne ya mutu, da aka ɗauke wuta sai agogon ya koma baya, shi kuwa akwatin ba ya buɗe wa na'urar da lokacinsu bai zo ɗaya ba. Na sayo batiri a kasuwa, na gyara agogo, na sake haɗa su. Waƙoƙin nan suka jeru, babu wadda ta ɓata. Na roƙi Baba Elias gafara, shi kuma yanzu yana gaya wa kowa shi ya gano matsalar. Na bar masa.

Na kwafe waƙoƙin a faifai biyu, ɗaya yana akwatin tufafinka. Cikin kwafewar na ci karo da wata da ban taɓa saurara ba. A tsakiyar waƙa Mama ta tsaya, ta kira sunanka, ta ce ka zauna wuri ɗaya ko ta ja maka kunne, sannan ta ci gaba. Na yi dariya har na yi kuka.

Ka yafe mini maganar kaset. Allah ya dawo da kai lafiya, ka zo ka ji faɗanka.

Matarka,
Edith