Hula Talatin a Ƙofar Gandun Daji

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma yaro ya ɓace mana a gandun daji, na uku ke nan a wata guda. Tsarina ba ya ƙarya: duk ɗalibin da zai shiga in ba shi jar hula, in ya fito ya miƙo. Na ba da talatin, na karɓi ashirin da tara. Na busa usur, muka bazama daji awa uku. Malamarsu ta kira suna a mota, kowa ya amsa. Ni ban yarda ba, yara suna amsa wa juna.

Alhamis, 6 ga Maris
Gari ya ɗauka wai dajinmu yana haɗiye yara. Makarantu biyu sun fasa zuwa. Oga ya ce in wani ya sake ɓata, in ajiye masa usur da kaki in kama gabana. Shekara goma sha tara ina ƙofar nan!

Juma'a, 7 ga Maris
Matata ta ce, "To iyayen yaran ba su lura ba ne? Ko ɗaya bai zo nema ba." Na ce iyayen zamani ke nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Laraba, 12 ga Maris
An gano su a kan dutsen bayan rafi. Gwaggon birai uku, kowane da jar hularsa, babbansu har ya karkata tasa. Ashe fizgewa suke yi, yaran kuma tsoron faɗana ya hana su magana. Direban gandun yana sara mini yanzu, wai Sarkin Ƙidaya.

Talata, 18 ga Maris
Hula talatin cif. Na sallami mota da kaina, har da ɗaga hannu.

Bayan awa biyu na zaga rufe hanyar rafi. Sai ga yarinya zaune a kan gungume, ba ta fi shekara shida ba, takalmi ɗaya a hannu, tururuwa na bin ƙafarta. Ba hula a kanta. Zafi ta ji ta ba yayanta ya riƙe, shi kuma ya miƙo mini biyu, na karɓa ban ko ɗaga kai ba. Malamar ma ba ta kira suna ba, tunda na ce sun cika.

Ko kuka ba ta yi. Ta ce, "Baba, ai na san za ka zo. Kai ne mai ƙirga mu."

Na goya ta har ƙofa. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na yau ba.

Laraba, 19 ga Maris
Na kai wa Oga usur. Ya ce in ɗauke abina in koma bakin aiki, uwar yarinyar ta ce ni na ceto 'yarta. Na faɗa masa ni na bar ta. Bai dai karɓi usur ɗin ba.

Litinin, 24 ga Maris
Layi ya yi tsawo a ƙofa, direba yana ta tsaki. Ba komai ba ne, kawai ina ɗan durƙusawa in tambayi kowa sunansa. Akwai mai giɓi, akwai mai tabo a gira, akwai wani sarkin surutu da ya ce hancina kamar barkono. Da yamma na neme su ɗaya bayan ɗaya, sai da na ga fuskar kowa na buɗe wa mota.

Gwiwata na ciwo. Gobe zan zo da kujera 'yar ƙarama.