Goma Bisa Goma, Arepa Kuma Ta Ƙone

Mama,

Na fita aiki kina barci, ga bakina ya ƙi rufuwa. Da safen nan na gwada jarrabawar zama 'yar ƙasa a waya, na ci goma bisa goma, har sau uku a jere!

Kin san tambayar da ke kayar da ni, ranar 'yancin kai. Kullum yatsana sai ya zarce kan biyar ga Yuli, tamu ta Venezuela, shekara bakwai a Meziko ko a jikinsa. Jiya maƙwabciyarmu Doña Chayo ta ce, "Ke Norelys, daina haddar lamba. Wane wata kike zuwa ki cinye min tukunyar pozole?" Satumba mana, watan da take dafa wannan farfesun masara don bikin 'yancin Meziko. Yau sha shida ga Satumba na danna, ban ji ko ɗar ba.

Ki yi haƙuri, garin murna wainar masararmu, arepa, ta ƙone. Ki kankare baƙin, cikinta lafiya lau yake.

Ranar Alhamis ce ta gasken. Kada ranki ya ɓaci, Mama, yatsa kawai na koya wa Satumba. Biyar ga Yuli tana nan inda kika ajiye min ita.

Norelys